Yaya da Buhun Ƙodagonsa

Da sunan Allah nake buɗe baki, Shi da ya ara mana Yaya, Shi kuma ya karɓi abinsa a tsakiyar marka, gero ya fara fid da kai. Ni ban yi boko ba, hannuna bai san alƙalami ba. 'Yar maƙwabciyata ce zaune a gefen tabarmata tana rubutawa, na kuwa ce mata ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki. So nake a sami wurin da aka ajiye shi, don na ga mantuwa ta fara zagaya gidan.

Ranar da aka kai shi makwancinsa, ƙofar gidansa a nan ƙasar Roni ba ta ɗauki jama'a ba. Yayyafi ake yi, tabarmi sun jiƙe, maza suka tsugunna a gindin darbejiya, mu mata muna ciki, ni da matar Yaya muna jingine da bango ɗaya. Duk wanda ya taɓa zama ɗalibinsa sai ya nemi iso ya shigo ya yi mana gaisuwa. Da yawa ban san su ba. Wasu har furfura ta fito musu.

Wani direban motar haya daga Kazaure ya durƙusa, ya yi addu'a, ya ƙi tashi. Ya ce duk daɗewarsa a kan titi bai taɓa take ko ɗan akuya ba, don tun daga nesa yake gane wadda za ta tsallaka da wadda za ta tsaya, kuma a filin makaranta ya samo wannan, a hannun Malam. Wata mai aikin asibiti ta ce idan an rasa jijiya a hannun jariri ita ake kira. Wani Bafulatani daga wajen Gwiwa ya zo da matarsa ɗauke da ƙwaryar nono, bai yi doguwar magana ba, ya ce Malam ne ya koya musu kallo. Sai wani tela daga Babura, ƙaton mutum, ya fashe da kuka kamar yaro. Ya ce yana ƙarami makaho da ido ake ce masa, ba ya shiga ɗaki bai bugi dokin ƙofa ba. Malam ya riƙa tsare shi bayan an tashi, su biyu a fili rana na dukansu, ba wanda ya sa shi, ba wanda ya gode masa. Ya ce yau da allura yake ci da iyalinsa.

Tsaran Yaya kuwa tasu gaisuwar daban. Na jiyo ɗaya ta kan katanga yana cewa Allah ya jiƙan mai wasa da yara, ya ƙare rayuwa yana jifa da ƙodago, ko bulo bai aza a gidansa ba. Wani ya yi 'yar dariya, ya mai da ita tari. Ban ji haushi ba. Iyakar abin da suka gani ke nan.

Mutum ɗaya ce ba ta yi kuka ba, ba ta yi magana ba. Jikata ce, 'yar ɗana na fari, yarinyar da ba ta cika goma ba. Tana zaune a bakin ɗakinsa da farin ƙodago a hannu. Ita kuwa aka yi wa mutuwar fiye da kowa, don zamanta a makaranta a hannunsa yake. Zan zo kanta.

Yaya wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi nake bi. Malamin firamare ne, kuma tun daga farkon aikinsa har ya ajiye, wasan motsa jiki aka san shi da shi. A zamaninsa, har gobe ma inda ake yi, ga yadda abin yake: a busa usur, yara su yi layi, hannu sama, hannu ƙasa, a tsuguna, a miƙe, a zaga fili da gudu, a koma aji. Yaya bai ce wannan banza ba ne. Ya ce jini na gudu, yaro na koyon jin umarni. Amma ya kan ce da ni in duba idon yaron da ke cikin layi, ina yake? Yana kan ƙeyar na gabansa. Jiki ya motsa, ido na barci. Shi kuwa a wurinsa ido ɗan koyo ne, kamar ƙafa, kamar harshe. Ana haihuwar yaro da shi, amma sai an koya masa ya bi abu, ya auna nisa, ya tsinci abin da ake nema a cikin tarkace, ya kai wa hannu labari kafin lokaci ya wuce.

Makarantun da ya zauna ba su da ƙwallo, in ma an kawo ɗaya ƙaya ke fasa ta. Sai ya koma ga ƙodago, ƙwallon gorubar nan da yara ke yarwa bayan sun gwaguye. Ba kowane yake ɗauka ba. Sai ya juya shi a tafi, ya ji nauyinsa, ya goge shi a dutse, sannan ya rina. Wasu da shuni, wasu da lalle, wasu da farar ƙasa, wasu da baƙin tukunya. Akwai manya kamar dunƙulen hannu, akwai ƙanana 'yan firit. Duk ya zuba a wani tsohon buhu da ke rataye a zaure.

To, in ya fita da yara, ba layi. Da'ira suke yi. Ya cilla biyu sama lokaci ɗaya, suna iska sannan ya ce ja, kai kuwa ka cafe jan ka bar shuɗin ya faɗi. Ko ya watsa su cikin harawa ya ce a nemo baƙaƙe kawai. Ko ya jera su a ƙasa, a kalla, ya rufe da hularsa, ya ce kowa ya jera nasa haka. Ko ya ja layi mai lanƙwasa da sanda, yaro ya bi shi ɗauke da moɗa cike da ruwa. Wani ya tsaya kusa, wani nesa, wani a jefa masa daga dama, wani daga hagu. Kowane yaro da inda yake, kuma Yaya ya riƙe na kowa a kansa.

Na san inda abin ya samo asali, don ina wurin. Muna yara, ni da ƙawayena muna carafke a tsakar gida, mu cilla tsakuwa sama mu kwashi na ƙasa mu cafe. Yaya ya kan laɓe ya kalle mu. Wata rana ya zauna ya ce in koya masa. Mahaifinmu ya shigo ya same shi a tsakiyar 'yan mata da tsakuwa a hannu, ya tsinko tsumagiya. Ya sha duka, amma da yamma ya zo ya raɗa mini wai ya lura duk yarinyar da ta fi iya carafke ita ta fi saurin tsince tsakuwa a wake. Yaro ne ƙarami a lokacin. Har ya tsufa wannan kallon bai bar shi ba.

Ya sha wuya a kansa kuwa. Wata shekara aka ce manya za su zo daga Kazaure duba makarantu, kowace makaranta ta yi fareti. Hedimastansu ya ce ya bar wasan ƙodagon nan ya koya wa yara taka ƙafa. Yaya ya ce to, ya yi rabi da rabi. Ranar da manya suka zo, yaran wasu makarantu suka wuce ƙafa ɗaya, wuya a sandare. Na Yaya suka taho kowa na waige, wannan na kallon shaho, wancan na kallon hular baƙo. Iska ta ɗebe wata takarda daga teburin manya, sai wani ɗan ƙaramin cikinsu ya fita daga layi ya cafe ta a sama, ya kai musu har da durƙuso. Jama'a suka yi dariya, hedimasta bai yi ba. Aka yi cacar baki a ofis har ana jiyowa daga waje. Hedimasta ya ce ya kunyata shi a gaban manya, kuma gaskiya ne ya kunyata shi. Yaya ya ce shi yara aka ba shi ba sojoji ba. Ba a daɗe ba aka mai da shi wata makaranta can cikin duwatsu wajen Gwiwa, daga nan aka cilla shi gefen Babura. Tsaransa suka zama manya a ofisoshi, shi yana nan da usur da buhu. Shi da hedimastan nan ba su ƙara shiri ba sai da tsufa ya haɗa su a sahun masallaci.

Bayan ya ajiye aiki halin bai canja ba. Ba ya miƙa wa yaro abu. Alewa ce, lemo ne, ɗan makulli ne, sai ya jefa. In ka cafe ya ce madalla, in ka yar ya ce ɗauko mu sake. Matarsa ta sha yi masa faɗa a kan ƙwai, don har shi ya taɓa jefawa. In ya ga yara sun haɗa kai a kan waya a ƙofar gida sai ya tsaya ya daɗe yana dubansu. Ya ce mini idon da aka ɗaure a wuri ɗaya, tazarar tafin hannu, yaushe zai san nesa? Makarantar garinmu kuwa, lokacin wasan ya zama na shara, ko malami ya rubuta labarin wasan a allo yara su kwafa suna zaune. Labarin ya kai kunnensa. Ya dai tashi ya shiga zaure, na ji yana juya buhu.

To, ga maganar jikata.

Tun tana ƙarama muka ga abin. In ta zuba koko sai ya sauka gefen kofi. In ta shiga ɗaki kafaɗarta ta bugi ƙofa. A aike ta ɗauko ludayi cikin kwanuka, yana gabanta, ta dawo ta ce babu. Da aka sa ta makaranta abin ya fito fili. Ta ce in ta kalli allo rubutun sai ya riƙa yawo kamar tururuwa. Nata rubutun kuwa, an ce, daga layi yake tashi ya hau sama. Amma a islamiyya duk abin da aka biya da baki sau ɗaya ta riƙe shi, har ta gyara wa manyanta. Na kai ta wurin malamai aka yi mata rubutu ta sha. Ubanta, wanda acaɓa yake yi tsakanin Roni da Kazaure, ya ɗauke ta a babur ya kai ta asibiti aka auna idon. Aka ce lafiyarsa lau. Daga nan ya yanke cewa daƙiƙiya ce kawai, ko kuma sakarci ne. 'Yan ajinsu suka wuce suka bar ta, ƙannenta suka tarar da ita. Ya ce ya gaji da ɗinkin kayan makaranta ga wadda ba ta iya rubuta sunanta ba, ta zauna gida ta taya uwarta suyar awara.

Yaya ya ji. Ya aika aka kira masa shi. Ina tsakar gida ina jin su a zaure. Ya tambaye shi wa ya koya masa cafe ƙodago biyu da hannu ɗaya. Ɗana ya ce Kawu ne. Ya tambaye shi ko ya tuna a farko goshinsa ne ke cafewa. Ɗana ya yi dariya, ya ce wancan zamani ne, yanzu takarda ake nema ba cafe-cafe ba, kuma likita ya ce idonta ƙalau.

Yaya ya ce, "Idonta yana gani. Saƙo ne bai iya kaiwa ba. Ka bar mini ita zuwa a kai gero rumbu. In ba ta karanta maka layi ɗaya a allo ba, ka cire ta, ba zan sake magana ba."

Ɗana ya ce, "Na ji, Kawu. Zuwa a kai gero rumbu."

Lokacin ko shuka ba a yi ba.

Kullum bayan la'asar sai in kama hannunta mu tafi gidansa, ba nisa. Amarya yake ce mata, irin wasan kaka da jika, ita kuma ta ce masa tsohon miji mai rowa. Ya fara da babban farin ƙodago, a tsaye kusa da ita har suna jin numfashin juna. Ba jefawa ya fara yi ba, mirginawa yake a ƙasa ta tare da tafi. Sai ya ɗaure shi da igiya a reshen darbejiya ya kaɗa, ya ce ta bi shi da ido kada ta juya kai. Ta yi ta kuka, ta ce jiri take ji. Ya ce amaryar da ke kuka ba a saya mata zane. Ta ce da ma yaushe ya taɓa saya mata ko ɗankwali. Ya ce ta cafe ɗaya ya saya. Aka yi ta yi, ƙodago na bugun ƙirjinta, yana bugun haɓarta, yana wucewa ta gefen kunnenta. Ranar da ya zauna a tafinta, ita kanta tsorata ta yi ta sake shi. Washegari ya je kasuwa ya sayo ɗankwali, ja mai ɗigo-ɗigo, ya jefa mata. Ta cafe.

Da ruwa ya zauna, ta fara tsinto jajaye a cikin harawa. Ta bi layin sanda da moɗa, rabin ruwan ya kai. Sai ya fara zana mata wasu abubuwa a ƙasa, manya-manya, ta taka su da ƙafa tana bin lanƙwasarsu. Daga baya na ji wai haruffa ne, bai dai gaya mata ba don kada ta tsorata. Wata la'asar ya miƙo kofinsa ya ce amarya ta zuba masa shayi. Ta ɗaga buta, ta zuba, ko ɗigo bai taɓa tabarma ba. Ya dubi kofin ya daɗe, ya ce yau ya yarda ya yi aure. A ranar ya ba ta farin ƙodagon ta riƙa zuwa gida da shi. Ya ce da ni a hanya, cafewa ta hannun dama ta samu, saura hagu, bayan hagu a koma ƙanana, bayan ƙanana a shiga allo. Ya ce lokaci zai isa in Allah ya so.

Allah bai so ba. Zazzaɓi ne ya kama shi, irin na damina, muka ɗauka na kwana biyu ne. Da ya ƙi sauka ɗana ya nemo mota aka kai shi asibiti a Kazaure. Na je da safe na same shi idonsa biyu. Ya kama hannun ɗana ya fara yi masa bayanin yadda za a ci gaba da yarinyar, wane ƙodago ke bin wane, daga ina za a tsaya, yaushe za a matsa baya. Kun san halinmu, ba ma barin mara lafiya ya yi magana mai kama da wasiyya. Ɗana ya ce Kawu ya huta, shi zai tashi ya yi da kansa. Matarsa ta ce ya bar wannan zance. Duk wanda ke ɗakin haka ya ce. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya saki hannun, ya juya fuska bango. Kafin azahar ya cika.

Abin da ya biyo baya ba laifin kowa ba ne, ina so a rubuta haka. Ranar sadakar uku baƙi suka cika gida, ruwa ya kwana yana zuba, itace duk ya jiƙe. Matan da suka zo taya girki, dangin matar Yaya ne daga nesa, ba su san gidan ba. Suna ta hura wuta, hayaƙi kawai ke tashi, ga tukwane a kan murhu, ga maza na jira. Ɗaya ta leƙa zaure ta ga buhu a rataye, ta taɓa ta ji ƙodago ne busasshe ƙayau. Kowace mace a ƙasar nan ta san babu abin da ke riƙe wuta kamar ƙodago. Ta yi hamdala ta sauke. Ko da ta ga launi a jikinsu ta ɗauka wasan yara ne.

Ina ɗaki na ji wuta ta kama da wata ƙara, na ji mata na cewa yauwa. Sai na ji muryar jikata, karo na farko tun rasuwar, a hankali take cewa ga jan can, ga shuɗin can, ga ƙaramin baƙin can. Na fito da lalube, don idona ya yi rauni. Tana tsaye a gaban murhu tana nuna su ɗaya ɗaya cikin wuta. Yarinyar da ba ta ganin ludayi a cikin kwanuka. Kafin a nemo abin tonowa sun zama garwashi. Da su aka dafa abincin sadakarsa, aka ci, aka yi masa addu'a.

Ɗana ya ce in daina damuwa, ƙodago ne fa, ga shi nan zube a kowace bola. Gaskiya ya faɗa. Na sa yara sun tsinto mini, na jiƙa lalle, na nemi shuni. Amma da na zauna da su a gabana sai na rasa na farko, na rasa na biyu. Wane nauyi? Daga wane nisa? In ta yar, a matso ne ko a sake? Wannan ba a buhu yake ba, a kansa yake, kansa kuwa yana ƙarƙashin ƙasa. Ga shi ni yanar ido ta rufe mini ɗaya, ɗayan ma hazo-hazo yake gani.

Na ɗauki sanda na je makarantar. Malamin ajinsu yaro ne mai ladabi, ya ba ni kujerarsa, ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce Iya, ya taɓa jin irin wannan a inda ya yi karatun malanta, kuma ya yarda Malam na da gaskiya. Sai ya buɗe mini ƙofar ajin. Ban gan su sosai ba, amma na ji numfashinsu, yara har bakin taga, wasu a ƙasa. Ya ce shi kaɗai ne a kansu, in ya fita da ɗaya wa zai riƙe saura? Filin ma an shuka gyaɗa a rabinsa. Ya rako ni har bakin hanya yana ba ni haƙuri.

Gero ya nuna, aka yanke, aka ɗaure, aka kai rumbu. Ɗana bai manta ba, ba kuma mugu ba ne, alkawari ya cika. Ya zaunar da ita a tsakar gida, ya ɗauki gawayi ya yi rubutu a bango, layi ɗaya. Ta tsaya ta daɗe. Ta gane harafin farko, ta gane na biyu, ta bi su da yatsa kamar yadda take bi da ƙafa. Daga nan ta ce sauran suna motsi. Ya ce ta sake dubawa. Ta sake, ta fara kuka. Ya goge bangon da tafinsa, ya ce wa uwarta ta ninke kayan makarantar ta ajiye wa ƙanwarta. Na buɗe baki, ya ce, "Inna, Kawu da kansa ya yanka lokacin." Na rufe.

Yanzu da safe in yara sun wuce da jakunkunansu, ita tana bakin kasko. Uwarta ta ce mai na fallatsar mata don ba ta auna inda take sakin awarar. In la'asar ta yi sai ta zo ɗakina da farin ƙodagon, ɗankwalin nan ja a kanta, ta sa mini a hannu ta koma ta tsaya. Ba na ganinta, inuwa kawai nake gani. Sai in ce ta yi magana in ji inda take, in karkata, in jefa ta hagunta, tunda iyakar abin da na riƙe ke nan. Sannan in kasa kunne. In na ji tim a ƙasa, ta yar, ko ni na karkace. Yawanci tim nake ji.

Shekaranjiya na jefa, hannuna ya kauce, ya tafi can wajen ƙofa. Na kasa kunne ban ji komai ba. Cikin murna na ce ke, kin cafe?

Ta ce, "Ba ni ba ce, Kaka. Baba ne. Yana turo babur, ko kallo bai yi ba, da hannu ɗaya."

Na ji shi tsaye, na ji yana juya abin a tafinsa. Na ce masa, "Kai ka san yadda ake yi. A jikinka yake. Jefa mata ko sau ɗaya."

Sai na ji takunsa ya matso, ya kama hannuna, ya buɗe, ya sa mini ƙodagon a ciki, ya naɗe yatsuna a kai.

Ya ce, "Inna, fasinja na jirana."

Na ji ƙarar babur ta yi nisa. Yarinyar ta ce in sake jefowa. Na jefa. Tim.

Allah ya jiƙan Yaya, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa haske a inda yake kwance kamar yadda ya nemi sa shi a idon 'ya'yan mutane. Ya gafarta masa, ya gafarta wa iyayenmu, ya kyautata namu ƙarshen. Farar ƙasar da ke jikin ƙodagon ta fara gogewa, jikata ce ta gaya mini. Ta ce in ya koma kalar ƙasa ba za ta ƙara ganinsa ba in ya faɗi.